Kashi Nawa Na Me? Lissafin Ƙaruwa da Darajar Kuɗin Gobe a Yankin Noman Rani na Garun Malam

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi tambayoyin lissafi irin waɗanda ake kawowa cikin labari, musamman masu magana a kan ƙaruwa bisa kaso da ƙiyasta darajar kuɗin gobe a yau. Ta ɗauki yankin noman rani na Garun Malam, Kura da Bunkure a matsayin fagen misali. Abin da take son tabbatarwa shi ne, ɗalibai da yawa da ke faɗuwa a wannan babi sun iya ninkawa, sun iya rabawa. Inda suke tuntuɓe shi ne gane tushen da ake ɗaukar kaso daga gare shi, da lokacin da kowane kuɗi yake tsaye a kai. An warware tambayoyi da aka gina a kan taki, tumatir, shinkafa, adashe da injin ban ruwa, sannan an nuna yadda aka taɓa auna ruwan Tiga kansa da wannan lissafi. Farashin da ke cikin tambayoyin na misali ne, an zaɓe su domin sauƙin aiki.

1. Gabatarwa



Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a watan Fabrairu, ya wuce Kura, zai ga kwandunan tumatir jere a kasuwar Kwanar Gafan, ana loda su a manyan motoci zuwa Legas da sauran garuruwan kudu. A nan za a ga yaro ɗan shekara goma sha biyar yana lissafa wa mahaifinsa kuɗin kwando arba'in da bakwai, ya cire la'adar dillali, ya cire na 'yan dako, duk da ka, ba biro ba takarda. Ranar Litinin a aji, a ba wannan yaron tambaya a kan kuɗin da aka ajiye a banki shekara uku, sai ya zura wa takarda ido har a kaɗa ƙararrawa. Na sha ganin haka a shekarun da na yi ina koyar da lissafi a sakandare, kuma abin ya daɗe yana damuna.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake ganin wannan ba. A shekarar 1985 Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann suka wallafa bincikensu a kan yara masu talla a birnin Recife na ƙasar Brazil. Sun tarar yaran suna warware lissafin ciniki daidai a bakin tallarsu, amma idan aka rubuta musu irin wannan lissafin a takarda kamar yadda ake yi a makaranta, sai kuskure ya yawaita. Ilimin yana nan a kan yaro. Hanyar da makaranta ke bi ta tambaye shi ce ba ta isa wurinsa.

Yankin da nake magana a kai ya dace da wannan nazari. Tun da aka gina madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, tsakanin 1971 da 1974, ruwa ya riƙa bin manyan magudanai yana isa gonakin Bunkure, Kura da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da wannan shirin ban ruwa na Kogin Kano. Manomin Kadawa, a wannan yanki, yana noma da damina, yana yi da rani, saboda haka kuɗinsa ba ya kwana: na shinkafa ya shiga tumatir, na tumatir ya shiga taki. Mutumin da kuɗinsa ke juyawa haka ya san lokaci yana da farashi, ko da bai taɓa jin sunan wannan babi ba.

2. Kalmomin da ke sa tuntuɓe

Kafin a kai ga alƙaluma akwai matsalar harshe. Ana yin jarrabawar WAEC da NECO da Turanci, amma malami yana bayani da Hausa, ɗalibi kuma yana tunani da Hausa. Malami ya ce "kuɗin ruwa", yana nufin ƙarin da banki ke ɗorawa a kan bashi. Ɗan Kadawa kuwa ya tashi yana jin ana cewa an je biyan kuɗin ruwa, wato abin da manomi ke biya domin a sako wa gonarsa ruwa. Kalma ɗaya, abu biyu da ba su haɗa hanya ba. Haka kalmar "riba". A baki, ribar ciniki ta halal da ribar da Alƙur'ani ya haramta sun bambanta wajen furuci, amma a kan allo rubutunsu ɗaya ne. Ɗalibin da ya taso a makarantar allo da Islamiyya, idan ya ga babi guda cur yana koyar da yadda uwar kuɗi ke haihuwa a banki, yakan ji a ransa cewa wannan ba nasa ba ne. Bai kamata mu raina wannan jin ba, domin mutum ba ya sa ƙwazo a abin da zuciyarsa ke ƙyama.

Sai kuma "ya ƙaru da" da "ya ƙaru zuwa", da "ya ninka sau biyu", wanda wani zai ɗauka biyu ake nufi, wani ya ɗauka huɗu. Mai rubuta tambaya da Hausa dole ya yi hattara da waɗannan.

Abin lura shi ne, kaso ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe. Manomi ya san zakkar hatsi: ɗaya bisa goma idan ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin idan an sha wahalar ban ruwa. Tsofaffi mata sun san sumuni da sudusi da sulusi daga rabon gado, kuma sun san sai an biya bashi an fitar da wasiyya kafin a raba, wato sun san ana tantance tushe kafin a ɗauki kaso. Littafin aljabra na Alkhawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajajen shekarar 820, babban ɓangarensa tambayoyi ne na gado da wasiyya cikin labari. Tambaya cikin labari tsohuwar hanya ce ta malamanmu, kuma labarin da suke kawowa na rayuwar mai sauraro ne.

3. Ƙaruwa bisa kaso: a koyar da ninki

Tambaya ta farko: Buhun taki yana naira 30,000. Idan farashinsa yana ƙaruwa da kashi 20 cikin ɗari kowace shekara, nawa zai kai bayan shekara uku?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce 48,000. Ɗalibi ya ce ashirin sau uku sittin, kashi 60 na 30,000 kuwa 18,000 ne, sai ya tara. Aikinsa tsaf, ba kuskure a ninkawa ko tarawa. Kuskurensa guda ne: bai tambayi kansa kashi 20 na me ba. A shekarar farko na 30,000 ne, farashi ya koma 36,000. A ta biyu na 36,000 ne, ya koma 43,200. A ta uku na 43,200 ne, ya koma 51,840. Tushe yana tafiya tare da farashi.

Shawarata ita ce a daina koya wa yaro ya nemo ƙarin sannan ya tara. A koya masa ya mayar da kowane kaso zuwa adadi guda da zan kira ninki. Ƙarin kashi 20 ninkinsa 1.2 ne, ragin kashi 20 ninkinsa 0.8. Shekara uku kuwa 1.2 × 1.2 × 1.2, wato 1.728. Daga nan ƙa'idar ta fito da kanta, G = Y × (1 + k)ⁿ, inda Y ke nufin kuɗin yau, G kuɗin gobe, k kason ƙaruwa, n kuma yawan zagaye. Yaron da ya gina ta da hannunsa ba ya bukatar haddace ta.

Amfanin ninki ya fi fitowa a tambaya ta biyu: Kwandon tumatir yana naira 20,000. Farashi ya tashi da kashi 50, bayan mako biyu kaya suka cika kasuwa ya sauka da kashi 50. Nawa ne yanzu? Kusan kowa zai ce ya koma inda yake. Amma 1.5 × 0.5 = 0.75, kwando ya dawo 15,000. Hawan an ɗauke shi daga 20,000, saukar kuwa daga 30,000. Manoman yankin nan sun ɗanɗani wannan a 2016, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir, farashi ya yi tashin gwauron zabo, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda ba ta daɗe da buɗewa ba, ta rasa kayan aiki. Wanda jarinsa ya ragu da rabi, sai ya samu ƙarin kashi 100 kafin ya koma inda yake. Wannan jimla guda ta fi shafi goma na atisaye amfani ga ɗan manomi.

Tambaya ta uku ta shigo da lokaci: Mai shago ya ce buhun taki lakadan naira 40,000, bashi zuwa girbi, wata huɗu, naira 46,000. Ninkin 46,000 ÷ 40,000 = 1.15 ne, ƙarin kashi 15. Ɗalibi zai iya cewa ai wannan bai yi nisa da kashi 9 da aka sanya a shirin lamunin manoma na Babban Bankin Nijeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015 ba. To, kashi 9 ɗin na shekara ne, kashi 15 kuwa na wata huɗu. A shekara akwai wata huɗu sau uku, 1.15³ ya kai 1.52, ƙarin kashi 52. Kaso ba tare da lokacinsa ba rabin magana ne. Ba ina nufin mai shago ya yi haram ba. Mafi yawan malamai sun halatta sayar da kaya bashi a farashin da ya fi na lakadan matuƙar an yanke farashi guda tun wajen ƙulla ciniki. Ina nufin manomi yana da haƙƙin ya san nauyin abin da ya ɗauka.

4. Darajar yau: komawa da baya

Bahaushe ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Lissafin darajar yau yana tambaya ne: ya fi ta da nawa, kuma a wane hali ne jiran kazar ya fi?

Tambaya ta huɗu: Manomi yana da shanshera. Wani mai injin casa a Kura ya taya buhu naira 40,000 yanzu da kaka. Manomin yana sa ran idan ya ajiye wata shida zai sayar 50,000. Idan kuɗin da ya zuba a noman rani yana ƙaruwa da kashi 30 a wata shidan, wanne ya fi masa?

A nan ne kuskure mafi taurin kai yake. Ɗalibi ya gane dole a rage wa 50,000 daraja tunda ta gobe ce, sai ya cire mata kashi 30, ya samu 35,000. Hanya mafi sauƙi ta nuna masa kuskurensa ita ce a ce ya gwada: 35,000 × 1.3 = 45,500, ba ta kai 50,000 ba. Abin da ake nema shi ne adadin da idan an ninka shi da 1.3 zai ba da 50,000. Akasin ninkawa rabawa ce, saboda haka 50,000 ÷ 1.3, kimanin 38,462. Tunda 40,000 ta hannu ta fi wannan, sayarwa yanzu ta fi. Ƙa'idar ita ce wadda muka gina ɗazu, an juya ta: Y = G ÷ (1 + k)ⁿ. Ba sabon babi ba ne, ko da yake littattafai sukan raba su kamar ba su san juna ba.

Ina son in daɗe kaɗan a kan wannan tambaya, domin tana da 'ya'ya. Idan noman rani kashi 20 kawai yake bayarwa, 50,000 ÷ 1.2 ta zama 41,667, ajiya ta fi. Iyakar da hukunci ke juyawa a kanta kashi 25 ce, domin 50,000 ÷ 40,000 = 1.25. Yanzu a tambayi aji: me labarin ya manta? 'Ya'yan manoma za su faɗa nan take. Shanshera tana bushewa nauyi ya ragu, ga ɓera, ga ƙwari, ga kuɗin sito. A ce asarar kashi 5 ce: 50,000 × 0.95 = 47,500, a raba da 1.2, a samu kimanin 39,583. Hukunci ya sake juyawa, sayarwa ta dawo gaba. Ɗalibin da ya ga amsa tana jujjuyawa a hannunsa haka ya fahimci cewa k ba adadi ne da ya sauko daga sama ba. Shi ne abin da kuɗin zai iya yi da a ce yana hannu, kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Mai gona a bakin magudana da mai jiran damina ba k ɗinsu ɗaya ba.

Ya kamata malami ya faɗa wa ɗalibai wani abu a fili. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, Risalar Ibn Abi Zaid ta hana a rage wa mutum bashin da ke kansa bisa sharaɗin ya gaggauta biya. Ɗalibi mai karatun zaure zai iya ɗauka lissafin darajar yau shi ne wannan. Akwai bambanci. Wancan ƙulla yarjejeniya ce a kan bashi. Wannan kuwa awo ne da mutum yake yi a ransa kafin ya zaɓi ya sayar da hatsinsa ko ya ajiye. Sikeli ba ya halatta ciniki, ba ya haramta shi. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, su ma sai sun lissafa lokaci kafin su yanke farashin kayan da suke sayarwa bashi, wato murabaha.

Hauhawar farashi ita ce hujjar da ba mai musu a kanta cewa kuɗin yau ya fi na gobe. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 ta kai kashi 34.8 a shekara. A wata fa? Ɗalibi zai raba da 12 ya ce 2.9. Amma 1.025 idan aka ninka ta da kanta sau goma sha biyu tana kaiwa kusan 1.345, saboda haka kimanin kashi 2.5 ne. A ɗauki wannan a kai shi adashe. Mata goma suna zubin naira 10,000 duk wata. Mai kwasar farko ta karɓi 100,000, mai kwasar ƙarshe ma ta karɓi 100,000, amma bayan wata tara. A raba da 1.025⁹, wato kusan 1.249, a ga kuɗinta kimanin 80,000 ne a ma'aunin ranar kwasar farko. Ba wanda ya cuci wani, ba ruwa a ciki, duk da haka mudun da za ta auna ya ragu. Shi ya sa uwar adashe mai adalci take juya layi a zagaye na gaba, ko ta sa a yi ƙuri'a.

Tambaya ta ƙarshe ta haɗa ɓangarorin biyu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, masu gonakin da ruwan magudana ba ya kai wa, waɗanda ke ja da inji, suka fara duban injin mai aiki da hasken rana. A ce kuɗinsa naira 900,000, yana kuma rage wa manomi kuɗin mai 400,000 a ƙarshen kowace shekara, k ɗinsa kuwa kashi 25. Tarawa kai tsaye ta ce a shekara uku an samu 1,200,000, an ci ribar 300,000. Darajar yau ta ce 320,000 da 256,000 da 204,800, jimla 780,800, bai mayar da kuɗinsa ba tukuna. Sai a shekara ta huɗu, da ƙarin 163,840, jimla ta kai 944,640 ta haye. Ashe tambayar gaskiya ita ce shekara nawa injin zai yi yana aiki. Idan kuma mai yana ƙara tsada da kashi 15 duk shekara, ninki biyu ne ke ja-in-ja, 1.15 a sama, 1.25 a ƙasa, wato 0.92. Shekara ukun sai su ba da 320,000 da 294,400 da kimanin 270,848, jimla kimanin 885,000, saura ƙiris.

5. Lokacin da aka auna ruwan Tiga

Kada a ɗauka wannan lissafin na aji ne kawai. Madatsar ruwa ita kanta tambaya ce ta darajar yau: a kashe dukiya a shekara uku ko huɗu, a ci amfani shekara hamsin. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier, tare da William Adams da Kevin Kimmage, suka yi amfani da wannan ma'auni suka kwatanta abin da ruwa ke samarwa a shirin Kogin Kano da abin da yake samarwa idan ya gangara fadamun Haɗeja da Nguru, inda ake noma, ake su, ake samun itace. Sakamakonsu ya nuna cewa idan aka auna da yawan ruwan da aka sha, amfanin fadamun ya fi na shirin nesa ba kusa ba. Mutumin Kura zai iya jayayya da wannan, kuma yana da abin cewa, domin garuruwa da kasuwanni da injinan casa sun rayu a kan wannan ruwa. Amma ba zai iya shiga muhawarar ba sai ya san yadda aka yi lissafin.

Abin da zai fara tambaya shi ne wane k aka ɗauka. Naira 100 da za ta zo bayan shekara 30, idan k kashi 10 ne, darajarta a yau ba ta kai naira 6 ba. Idan kashi 3 ne, ta haura naira 41. Wanda ya zaɓi k babba ya kusa shafe jikoki daga lissafi. Da irin wannan tunanin ake ɗage yashe magudana da gyaran ƙofofin ruwa shekara bayan shekara, har sai an nemo bashin Bankin Duniya, kamar na shirin TRIMING da aka amince da shi a 2014, a zo a yi gyaran gaba ɗaya. Shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na gobe suna zaune a azuzuwanmu yau, kuma su za su yanke nawa za a tara don gyara.

6. Abin da za a iya yi a aji

George Polya, a littafinsa na 1945 a kan warware matsalolin lissafi, ya sa fahimtar tambaya a farko, ya sa waiwayar amsa a ƙarshe. Waɗannan biyun ne muka fi tsallakewa saboda saurin gama manhaja. Abin da na ga yana aiki shi ne, kafin a taɓa alƙalumi, ɗalibi ya sake ba da labarin da Hausarsa, sannan ya ja layi a takarda ya sa "yau" a hagu, ya ɗora kowane kuɗi a kan watansa ko shekararsa. Tafiya dama ninkawa, tafiya hagu rabawa, kuma ba a kwatanta kuɗi biyu sai suna tsaye wuri ɗaya a kan layin. Idan ya samu amsa, ya mayar da ita cikin labarin ya ga ko ta zauna.

Maganar kalmomi aiki ne da ya fi ƙarfin malami ɗaya. Ina roƙon masana harshe na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello su zauna da malaman lissafi a tsayar da sunaye. Na yi amfani da "ninki" da "tushe" da "darajar yau" a nan, ina kuma ganin "ruwan bashi" zai raba gardama da kuɗin ruwan gona. Idan akwai waɗanda suka fi su, a kawo.

Akwai kuma aikin da ba ya bukatar ko sisi daga gwamnati. A farkon zango a raba aji gida huɗu, kowane gida ya ɗauki kaya ɗaya, kwanon shinkafa ko kwandon tumatir ko buhun taki ko litar mai, ya riƙa rubuta farashinsa duk ranar kasuwa. A ƙarshen zango su fitar da ninkin kowane mako, su ninka su gaba ɗaya, su duba ko ya yi daidai da farashin ƙarshe a raba da na farko. Daga wannan littafin nasu malami zai ciro tambayoyin jarrabawar zangon.